Bitar wani shagon tura fina-finai a Tudun Wada: fina-finan bincike da fassarar da ta kasa riƙe sirri

Mako uku ke nan da na ɗauki filas ɗina na nufi wani shagon tura fina-finai da ke Tudun Wada, kusa da Kasuwar Barci, bisa shawarar wani abokin aikina da ya ce mini idan har akwai inda za a sami tsofaffin fina-finan bincike a Kaduna, to a can ne. Dalilin zuwana kuwa shi ne ɗaliban ƙungiyar wasan kwaikwayo ta makarantar da nake koyarwa sun kafe cewa a bana sun gaji da wasan auren dole da na shaye-shaye, labarin kisa mai sarƙaƙiya suke so, irin wanda mai kallo zai yi ta zargin wannan da wancan har zuwa fitowar ƙarshe. Na ga ya dace kafin in amince musu in duba yadda magabata a wannan sana'a suka ɗauko irin waɗannan labarai daga littafi suka ɗora su a kan daɓe da majigi.

Shagon ɗaki ɗaya ne mai benci biyu da kwamfutoci biyu da allon cajin waya, ga ƙaramin janareta a bakin ƙofa wanda ƙararsa takan tilasta wa mutum ɗaga murya. Mai shagon matashi ne mai fara'a, kuma tambayar da ya fara yi mini ita ce ta sa na sake gyara zama. Da na ce fina-finan bincike nake nema, sai ya ce, "Malam, na littafi kake so ko na zamani?" A yawancin shagunan da na sani, da zarar ka ambaci bincike sai a zuba maka fina-finan harbe-harbe da tseren motoci, amma shi wannan ya ware waɗanda aka ciro daga littattafai a ma'aji guda, ya jera su bisa sunan marubuci, sannan ya raba masu fassarar Hausa da waɗanda aka bari da harshensu na asali. Ya karɓi naira 100 a kan kowane fim, naira 500 kuma a kan kowane zango na masu dogon zango, na biya naira 3,000 gaba ɗaya, turin bai wuce minti 40 ba duk da an ɗauke wuta sau ɗaya a tsakiya.

Abin da ya fara zuba mini shi ne Sherlock Holmes, mai binciken nan da Arthur Conan Doyle, likita haifaffen Edinburgh, ya fito da shi a 1887, ya kuma yi masa dogayen labarai 4 da gajeru 56. Daga cikin fina-finai 14 da Basil Rathbone ya yi tsakanin 1939 da 1946, biyar na samu a shagon, baƙi da fari ne, hoton ya ɗan dushe amma sautin yana fita sarai. Wanda ya karanta littattafan zai yi mamakin abubuwa biyu. Na farko, a yawancin waɗannan fina-finai an ɗauke Holmes daga zamanin Sarauniya Biktoriya an kawo shi lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, har a wasu yana farautar 'yan leƙen asirin Jamus, kuma ban ga wannan ya rage labarin da komai ba. Na biyu shi ne abin da aka yi wa Dakta Watson, wanda Nigel Bruce ya fito a matsayinsa. A littafi Watson tsohon likitan soja ne mai hankali, shi ne yake ba da labarin, da idonsa mai karatu yake gani. Da aka zo fim sai kyamara ta karɓe wannan aiki, Watson ya rasa abin yi, masu shirya fim suka mayar da shi ɗan barkwanci mai yawan shirme. Wannan ya rage darajar Holmes ɗin ma, domin fin dolo wayo ba abin yabo ba ne. Shirin da gidan talabijin na Granada ya yi da Jeremy Brett daga 1984 zuwa 1994, mai kashi 41, shi ne ya mayar wa Watson mutuncinsa, kuma shi ne mafi daraja a cikin duk abin da na sayo. Ko shi kaɗai na samu, kuɗina sun biya.

A bangon shagon akwai hoton Holmes da hularsa mai baki gaba da baya da lanƙwasasshen lofe a baki, na kuwa tsaya na ba mai shagon tarihinsa tun bai tambaya ba, halin malaman makaranta ke nan. Hular daga zanen Sidney Paget ta fito, mutumin da yake yi wa labaran hoto a mujallar Strand. Lofen kuma daga daɓe ya shahara, a hannun William Gillette, ɗan wasan Amurka da ya rubuta wasan Holmes a 1899 ya kuma fito a cikinsa kusan sau 1,300. Gillette ya aika wa Conan Doyle wayar tangaraho yana neman izinin ya saka soyayya da aure a labarin Holmes, marubucin ya amsa masa cewa ya aurar da shi ko ya kashe shi ko ya yi duk abin da ya ga dama da shi. Ke nan siffar da duniya ta sani ta Holmes rabinta masu zane da 'yan wasa ne suka ƙera ta, kuma mai labarin da kansa bai ɗauki sauyi a matsayin cin amana ba.

A ɓangaren Agatha Christie, marubuciyar labaran bincike 'yar Ingila, shagon yana da zango uku na Poirot, mai binciken nan ɗan Beljiyam, wanda David Suchet ya fito a matsayinsa daga 1989 zuwa 2013 cikin kashi 70, sai kuma Murder on the Orient Express na 1974 da na 2017. Mun kalli na 1974 da iyalina a dare ɗaya, muka kalli na 2017 washegari. Labarin, wanda littafinsa ya fito a 1934, na wani kisa ne a cikin jirgin ƙasa da ya taso daga Santambul, ƙanƙara ta tare shi a hanya, saboda haka babu mai shiga babu mai fita, wanda ya yi kisan yana cikin taragon. Sidney Lumet, daraktan na 1974, ya yarda da cewa tambaya da amsa su ne jinin labarin, don haka ya zaunar da fasinjoji ɗaya bayan ɗaya ya bar kyamara a kan fuskokinsu, har Ingrid Bergman ta ci kyautar Oscar da fitowar da ba ta wuce 'yan mintoci ba. Na 2017 ya fi kyawun hoto nesa ba kusa ba, sai dai kamar yana tsoron kada mai kallo ya yi gyangyaɗi, sai ya riƙa fitar da mutane waje yana ƙara guje-guje da harbi. Uwargidana, wadda ba ta taɓa karanta littafin ba, ta iya lissafa fasinjojin tsohon fim ɗin da abin da kowannensu ya faɗa, amma a sabon sai ta ce fuskoki sun cakuɗe mata duk da ta riga ta san labarin.

Akwai kuma labarin da ba ya jin daɗin fita daga takarda ko kaɗan, wato littafin Christie The Murder of Roger Ackroyd na 1926, wanda dabararsa take cikin yadda aka ba da labarin. Jimla guda a littafi tana iya tsallake minti goma ba tare da ta yi ƙarya ba, mai karatu ya wuce bai lura ba, sai a ƙarshe ya koma baya ya ga ashe an faɗa masa gaskiya shi ne bai saurara ba. Kyamara ba ta da wannan kunya, ko dai ta nuna ko ta ɓoye ƙiri-ƙiri. A shirin Suchet an sa Poirot yana karanta wani kundin rubutu don a cike wannan giɓi, kuma a ganina wannan kashi yana cikin mafi rauni a jerin. Ban ɗora wa shagon laifin wannan ba, amma mai saye ya kamata ya fara da littafin.

Inda na yi asara shi ne ɓangaren fassarar Hausa, kuma a nan zan daɗe, domin shi ne ɓangaren da na ga matasa suna layi a kansa. Na sayi fina-finan bincike na Indiya guda uku masu fassara. Masu fassarar gwanaye ne wajen ban dariya da daidaita magana da motsin leɓe, ban hana su wannan ba. Amma sun zo wa labarin bincike da al'adar da suka saba da ita a fina-finan soyayya da na faɗa, inda kowane bos yake da muryarsa ta musamman, kakkausa mai gurnani, don mai kallo ya gane shi tun daga nesa. A fim na farko, cikin minti goma da farawa, wani dattijo mai fara'a ya shigo yana yi wa iyalan mamaci ta'aziyya, bai aikata komai ba, darakta ma ya yi iya ƙoƙarinsa ya nuna shi mutumin kirki ne, sai ga muryar bos ta fito daga bakinsa. 'Yata mai shekara goma sha biyu ta ɗago kai daga aikin gida da take yi ta ce, "Baba, wannan ne ya kashe shi." Sauran sa'o'i biyu muka yi su muna jiran ɗan sandan ciki ya iso inda yarinya ta riga shi isa.

Matsala ta biyu ta fi wannan zurfi, kuma ba ganganci ne ya kawo ta ba, daga ginin harshenmu take. Kusan kowane fim ɗin bincike yana da fitowar da za a ga wanda za a kashe ya buɗe ƙofa, ya ga wanda ya sani, ya yi masa magana, alhali kyamara ta ɓoye mai shigowar. A Ingilishi kalmar da ake fuskantar mutum da ita guda ce ga namiji da mace, haka ma a Indiyanci, don haka sirrin yana nan a rufe. Hausa kuwa dole ta zaɓa tsakanin kai da ke. A fim na biyu mai fassara ya sa mamacin ya ce, "Au, ke ce?" alhali mata biyu ne kacal a cikin mutum bakwai da ake zargi, ɗaya daga cikinsu kuma tsohuwa ce da ba ta iya tashi daga kujera. Da kalma ɗaya ya wanke maza biyar. Haka abin yake idan shaida ya ce ya ga likita yana fita, domin sai an ce likitan ya fita ko likitar ta fita, kuma kowanne aka zaɓa an faɗi abin da marubuci ya ɓoye. Abin takaicin shi ne Hausa tana da maganin wannan a cikin maganarmu ta yau da kullum. Mutumin da ya buɗe ƙofa yana iya cewa, "A'a, yanzu ake tafe?" ko "Ashe ku ne, bismillah," shaida kuma ya ce, "Na ga an fita ta ƙofar baya," ko "Na hangi mutum." Babu Bahaushen da zai ji waɗannan ya ga baƙon abu, kuma babu wanda zai san jinsin mai shigowa. Abin da ake bukata kawai shi ne mai fassara ya kalli fim ɗin har ƙarshe, ya san abin da ake ɓoyewa, sannan ya zauna ya auna kowace jimla da shi.

Fim na uku shi ne Gumnaam na 1965, wanda dattawan da suka yi zamanin silima za su tuna da Manoj Kumar da Nanda da barkwancin Mehmood a cikinsa. Tushensa littafin Christie ne na 1939, And Then There Were None, labarin mutum goma da aka tara a tsibiri suna mutuwa ɗaya bayan ɗaya. Indiyawa sun ƙara waƙa da rawa da soyayya, sun sauya kusan komai, duk da haka fargabar tana nan, domin ba su taɓa sirrin ba. Christie da kanta ta riga su yin sauyi, domin da ta mayar da littafin wasan daɓe a 1943 ta sassauta ƙarshensa ta bar wasu da rai, saboda ta san masu kallon da suke cikin yaƙi ba za su so su tashi daga kujera a kan gawawwaki goma ba. A wasan The Hollow na 1951 kuwa cire Poirot ta yi ɗungurungum, tana ganin shigarsa ma ɓata littafin ta yi. Fassarar Gumnaam ita ce mafi dama-dama a cikin ukun, sai dai an yanke waƙa ɗaya, kuma a wurare biyu mai fassara ya saka zancen da babu shi a fim ɗin, har da tsokanar wata unguwa ta Kano a daidai lokacin da aka tsinci gawa.

Na tambayi mai shagon ko yana da fim ɗin The Mousetrap, wasan daɓen Christie, ya duba kwamfutocinsa biyu, ya kira wani abokinsa a babbar kasuwa, sannan ya ba ni haƙuri ya ce zai nemo mini kafin mako. Na ce ya huta, gwada shi nake yi, kuma na ji daɗi da bai tura mini wani fim dabam da wannan suna ba, abin da aka taɓa yi mini a wani wuri. Wasan ya fara ne a matsayin gajeren wasan rediyo na BBC a 1947, aka buɗe shi a Landan ranar 25 ga Nuwamba 1952, ya koma gidan wasa na St Martin's a 1974, kuma bai tsaya ba sai da annobar korona ta rufe gidajen wasa a 2020, ya dawo a 2021. Yarjejeniyar sayar da haƙƙin fim ɗinsa ta tanadi cewa ba za a yi fim ba sai wata shida bayan an daina wasan a Landan, ranar da har yau ba ta zo ba. 'Yan wasa takwas ne a falo ɗaya na wani masaukin baƙi da ƙanƙara ta rufe hanyarsa, kuma a ƙarshen kowane wasa ɗaya daga cikinsu yakan fito ya roƙi masu kallo su riƙe sirrin wanda ya yi kisan. Fiye da shekara 70 ana wannan roƙo kowane dare, mu kuma a nan muryar bos tana tona asiri kafin shayi ya huce.

Sauran kurakuran shagon ƙanana ne amma suna da ban haushi. Kashi na shida na zangon farko na Brett bai buɗu ba, wani kashi na Poirot kuma fassarar rubutun da ke ƙasan allo ta riga magana da kusan daƙiƙa biyar, wanda a fim ɗin bincike yana nufin ka karanta sunan mai laifi tun Poirot bai juyo ya nuna shi ba. Filas ɗin ma ya dawo da wata cuta da kwamfutar gidana ta kama ta goge. Da na koma ranar Asabar, mai shagon ya sake tura mini kashin biyu ba tare da ya karɓi ko kwabo ba, ya kuma goge filas ɗin a gabana. A kan fassara kuwa ya saurare ni har na gama faɗa, sannan ya ce, "Malam, ai ba mu muke yi ba, sayowa muke yi, kuma wallahi yara sun fi son mai surutun." Gaskiyarsa ce, zomo ba ya fushi da makashinsa sai da maratayinsa. Shawarar da na ba shi, wadda ya ce zai gwada, ita ce ya riƙa ajiye kowane fim ɗin bincike iri biyu, mai fassara da na asali, ya kuma gaya wa mai saye bambancinsu.

Ba zan ɓoye cewa raina bai kwanta da batun haƙƙin mallaka ba, domin babu alamar cewa ko sisi daga kuɗin da na biya zai isa ga masu waɗannan fina-finai, kuma wannan tabo ne a kan sana'ar gaba ɗayanta. Batun ya shafi ɗalibaina ta wata fuskar. Christie ta rasu a 1976, saboda haka ayyukanta suna ƙarƙashin kariyar shekara 70 bayan rasuwar marubuci, ba za mu ɗora su a daɓe ba sai da izini. Conan Doyle kuwa ya rasu a 1930, labaransa sun zama na kowa. Don haka muka tsayar da The Speckled Band na 1892, wanda shi da kansa ya mayar wasan daɓe a 1910 a gidan wasa na Adelphi. A wancan wasa an kawo wata halitta mai rai a kan daɓe, wadda ba zan faɗi sunanta ba, sai wani mai sharhi ya rubuta cewa kowa ya ga ta bogi ce. Labarin na 'yan mata biyu ne agololi da mijin uwarsu wanda kuɗin da yake ci za su ragu idan suka yi aure. Za mu mayar da shi mariƙin dukiyar marayu a wani tsohon gida a Unguwar Sarki, domin rabon gado a wurinmu ba ya tafiya yadda yake a Ingila, kuma tuni wata ɗaliba ta kawo shawarar a bar wata takarda mai lamba biyar ta Larabci, wadda ɗan sandan da boko kaɗai ya yi zai karanta a matsayin sifili.

Ga mai son zuwa shagon, ya je da safe kafin 'yan makaranta su taso, ya tafi da filas ɗin da babu muhimmin abu a ciki, ya sa a buɗe masa kowane kashi a gabansa kafin ya biya. Ya sayi Brett da Suchet da fim ɗin Lumet ba tare da shakka ba, ya ƙara Rathbone ɗaya ko biyu idan yana son tarihi. Fina-finan bincike masu fassara kuwa ya bar su a kwamfuta, in ban da Gumnaam, sai dai idan ya riga ya san wanda ya yi kisan.